Keken da Inna ta ɗauka talauci ne

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son in rubuta wanga labari kullum sai in ce gobe, to yau kuran ya ɗauke tun magariba, zahi ya hana kowa kwana, ina tsakar gida bisa tabarma sauro na ta waƙa, bari dai in rubuta kamin salula ta mutu.

Ni mutumin Tawa ne, can anka haihe ni can na yi lekwal, aiki ya kawo ni Yamai yau shekara 19 ke nan kuma Bukoki nike zaune da iyalina. Da can koyarwa nike shi ya sa har gobe ƴan unguwa Mushe suke ce min, ko da yake na daɗe da aje alli, yanzu biro nike tun sahe har la'asar bisa kujera. Rayuwata kamin 2022 in na tuna ta sai in yi dariya. Moto daga ƙofar gida zuwa ƙofar biro, moto zuwa kasuwa, wallahi har masallacin Juma'a da yaro ke zuwa da ƙafa cikin minti biyar ni sai na tada moto. Da dare fada, shayi na ɗaya na biyu na uku kowane da sukari kamar zuma, in an samu canji a aiko da tsire. Tumbi ya hito, kuma mu nan in tumbi ya hito ba a ce maka kana da ciwo, cewa ake Mushe hutu ya karɓe ka. Ni ma haka na ɗauka.

Sai ciwon kai ya fara, nan ƙeya, kullum da sahe. Na sha parasetamol har na gaji. Ranar wata Juma'a na ɗago daga sujada na ji masallaci na juyawa da ni, sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni. Uwargida ce ta matsa na tahi likita, anka auna tansiyo anka samu 17/10, anka ce in dawo gobe, na dawo, anka sake cewa in dawo jibi, duk kusan abu guda. Lokotoron da ta duba ni yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ɗaliban da na koyar ba, amma ba ta rage min komi ba. Ta ce Baba daga 14/9 zuwa sama hawan jini ne, ga magani kullum, ka rage gishiri da magi, ka rage sukari, sannan ka motsa jikinka aƙalla minti 150 cikin sati, wato rabin awa kwana biyar. Na hau sikeli ya nuna kilo 98.

Na fara da tahiyar ƙasa, ina zuwa wajen stad Seyni Kountché da marece inda mutane ke zagaye. Sati biyu gwiwar dama ta kumbura. Da na koma ta ce to ka gwada keke, shi nauyinka bisa sirdi shike zama, gwiwa juyawa kawai take ba ta dukan ƙasa. Na yi dariya har ta tambaye ni mi ya ba ni dariya, ban iya gaya mata ba.

Abin da ya ba ni dariya kunya ce. Ba wai ban iya keke ba, na iya tun ina yaro, keken haya munka koya a Tawa, ka ba da dala biyar a ba ka zagaye, ƙafa ba ta kai feda in ka hau sirdi sai dai ka zura ta ta cikin ƙarhen tsakiya kana tahiya a karkace kamar kaguwa. Kawuna na da wani baƙin Phoenix mai ƙararrawa da madubi biyu, ranar da na sato shi na faɗa cikin danga na sha kashi. To amma tunda na amshi albashin farko na sayi moto na ɗauka ni da keke har abada. A kanmu nan keke na mai gadi ne, na ɗan lekwal, na mai tallan burodi. Magidanci mai aikin gwamnati shi hau keke? Sai dai in wani abu ya same shi. Kuma abin mamaki na taɓa zuwa Wagadugu formasiyo na ga mata da goyo bisa keke za su kasuwa, manyan mutane da jakar aiki bisa keke, ba mai ko kallonsu, su da ke da tseren keke na Tour du Faso tun 1987. Na gani da idona amma ban ɗauki komi ba, na ce wannan al'adarsu ce.

Sai da na yi wata biyu ina jan ƙafa sannan na tahi kasuwar Katako. Idona ya fara sauka kan wani keken tsere mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe, mai kayan kuma Allah shi saka mishi ya gaya min gaskiya, ya ce Alhaji wace unguwa kake, na ce Bukoki, ya ce to wanga kamin ka kai gudro yashin lungu ya kada ka sau uku. Ya nuna min irin wanda ake ce ma betete, mai taya inci 26 mai kauri, na hannu ne amma ƙarhenshi lahiya lau, munka daidaita jika 60. Turo shi na yi har gida, duk wanda ya tambaya sai in ce na babban yarona ne zai riƙa zuwa kolej. Ƙarya ta farko ke nan, Allah shi yahe min.

Hawan farko bayan sallar asuba na yi shi, da sauran duhu don kar kowa shi gan ni, da wandon kaftanin da na yi salla da shi. Ban yi nisa ba sarƙa ta cafke ƙafar wando, ta yage shi har ƙwauri ta shafe shi da baƙin mai, na tsaya gehen hanya ina kokawa da ita ina duba ko wani na kallo. Washegari na sa jin. Wanda bai taɓa hawa keke da jin cikin zahin Yamai ba ba zai gane ba, wanga ɗinki mai kauri na tsakiya shi da gumi sai sun yi maka aski inda ba a faɗi. Kwana uku na kasa zama daidai bisa kujerar biro, ina ta gyara zama abokin aikina na tambaya ko basir ne. Na samo soson katifa na naɗe sirdi da shi na ɗaure da roba, abin ya ƙara lalacewa, ga zahi ga wani irin mutuwar jiki da ke kama mutum in ya sauka wanda ya tsorata ni ƙwarai. Na jingine keke jikin bango. Sati uku shina nan har uwargida ta fara shanya tsummokara bisanshi.

Wanda ya maido ni bisa hanya wani dattijo ne mai gyaran kekuna ƙarƙashin bedi nan bakin gudro, Baba kowa ke ce mishi. Na kai mishi keken ne da niyyar shi samo min mai saye. Ya ce in hau shi gani. Na hau na yi ɗan zagaye, ya riƙe baki ya ce Mushe ai kai tsugunno kake ba tuƙi ba, sirdinka na yaro ne. Ya sa na zauna bisa sirdi na dafa icce, ya ce in aza diddige bisa feda in kai ta can ƙasa, ya yi ta ɗaga sirdin har sai da ƙafata ta miƙe sak, ya ce to yanzu in ka taka da gaban ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Ya daidaita hancin sirdin ya kwanta daidai, bai kallon sama bai kallon ƙasa. Sannan ya kwance sosona ya jefar, ya ce akwai ƙashi biyu da Allah ya yi ma mutum don zama, su ya kamata su ɗauki nauyi, in sirdi ya cika laushi sai su nutse nauyin shi koma inda bai kamata ba, shi ne mutuwar jikin da nike ji. Mutumin ga bai taɓa shiga aji ba amma abin da ya gaya min daga baya na iske shi ne dai masana ke faɗi. Dala ashirin ya amsa. Ya kuma hana ni zuba ma sarƙa baƙin man moto, ya ce da ƙurar garin ga sai shi zama kamar dutsin niƙa shi cinye haƙoran, a wanke ta da ɗan gazuwal a goge a ɗiga mai kaɗan a sake gogewa.

Ciwo ya ragu da rabi. Sauran rabin na wando ne, kuma nan labarin ya hi tsawo.

Wata Lahadi na bi ta kornish ɗin Gamkalle sai ga wasu samari su wajen takwas bisa kekunan tsere, da kaske, wato hular kwano, da tabarau da wasu kaya sun ɗame su kamar an zuba musu fenti. Ina ƙoƙarin sunkuyar da kai sai na ji ɗaya ya ce Mushe! Ashe ɗalibina ne, na koyar da shi CM2, ajin ƙarshe na firamare. Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaron kirki, ya sauka ya gaishe ni da hannu biyu, ya raka ni muna tahiya sannu sannu, da ya ga yadda nike ta ɗaga jiki daga sirdi ya ce Mushe ku yi haƙuri in gaya muku, kwisar za ku nema. Wai wani gajeren wando ne mai roba da anka ɗinka ma wani soso na musamman a tsakiya, ba shi da ɗinkin da ke gurzar mutum kuma shina tsotse gumi, kuma, nan ya ɗan duƙar da kai, ba a sa komi cikinshi. Na ce a'uzubillahi. Ni da ɗiya mata sun kai aure in hito titi da abin da ke nuna surar jikina duka? Gobe in wani ya zo neman auren ɗiyata a ce ai ubanta ne wancan mai ɗamammen wando? Ko ba don mutane ba, mu an koya muna daga cibiya zuwa gwiwa sutura ce, kuma ni ban ga suturar da ke cikin abin da ya manne ma fata ba. Ban ce su samarin sun yi laihi ba, kowa da shekarunshi, amma ni ba zan iya ba.

Kwana biyu ina tunani sai dabara ta zo min, wa ya ce dole a gan shi? Na shiga wurin ƴan bosho ina tona tulin kayan wasanni har na samu guda, mai kayan ma bai san ko na mi ne ba, ya ce wai na masu tsaron gida ne na ƙwallo, jika ɗaya da rabi ya sallama. Na wanke shi sau biyu na shanya cikin ɗaki don kar yara su gani. Sannan na tahi wurin telana da yadi marar nauyi na ce shi ɗinka min wando mai walwala daga sama, shi tsuke daga ƙwauri zuwa idon sawu da roba don kar sarƙa ta kama, kar shi sa ɗinki mai kauri a tsakiya, aljihu kuma da zip saboda salula da makulli. Na farko ya yi shi kamar buje iska na shiga shina kumbura, na biyu ya tsuke gwiwa ba ta lanƙwasa, sai a na uku munka dace. Yanzu kwisar na ciki wandon tela na waje, ba wanda ya san abin da ke ciki sai ni sai mai wanki, to sai ku yau. In lokacin salla ya riske ni hanya in yi alwala in shiga sahu ba mai kallona. Abu guda dai, duk ranar da ka sa shi ka wanke shi ranar, in ka maimaita shi da gumin jiya ƙuraje za su gaya maka. Shi ya sa na ƙaro na biyu.

Riga ba ta ba ni wahala haka ba. Ta auduga in ta sha gumi sai ta yi nauyi ta manne, in iskar asuba ta buge ka lokacin sanyi sai mura. Mayo na ƴan ƙwallo ya hi, shina bushewa nan da nan, ina zaɓen mai dogon hannu mai haske, fari ko ruwan ɗorawa, wanda ya sauko ya ruhe baya in na duƙa. Takalmi basket mai tauri a ƙasa, igiyar kuma a cusa ta ciki. Silifas kam kar ma a fara, na ga yaro ya bar farcen babban yatsa bisa gudro. Safar hannu mai yankakken yatsu na saya don tafin hannuna na yin zugi, tabarau kuma saboda ƙura da ƙwarin bakin kogi da ke faɗa ma mutum ido da asuba. Ruwa cikin bido, in zura shi cikin tsohuwar safa in jiƙa ta, iska na bugu ruwan na sanyi kamar na randa, wannan ma dabarar Baba ce.

Kaske ne kawai ban saya ba, ina ganin ya yi min yawa, kamar ina son a ce ni ɗan tsere ne. To ga yadda anka yi na saye shi.

Wani ɗan garinmu ya gan ni bisa gadar Kennedy da sassahe ina ta haki, bai tsaida ni ba bai tambaye ni ba, sai da ya koma Tawa ya ba da labari. Kun san yadda magana ke tahiya, kamin ta kai gidanmu ta zama an kore ni daga aiki na saida moto ina yawo da keke har na rame. Ni ne ɗan fari wurin Inna, ba ta faɗin sunana ba ta kuma yi min doguwar magana, tun ina yaro haka muke. Sai ƙanwata ta kira ni ta ce Yaya, Inna ta ce a gaya ma wancan shi tahi ajans akwai saƙo. Na je na iske jika 15. Akuyarta ta saida. Na kira na rantse na maimaita cewa moto na nan aiki na nan lokotoro ce ta sa ni, ina jin muryarta can nesa tana ce ma ƙanwata, ce mishi na ji, Allah shi ruhe asiri. Wato dai ba ta yarda ba. Kuɗin uwa ba a maida su, kuma na kasa kashe su ga cefane, sun yi sati cikin aljihuna sannan na ce bari in sayi abin da zai tsare kan da ta haifa. Ɗalibin nan nawa ya raka ni, ya hana ni sayen na hannu don wai ba ka sanin ko ya taɓa bugu ya tsage ta ciki, ya gwada min shi zauna daidai bisa goshi kamar yatsa biyu sama da gira, ba can ƙeya kamar hular Sallah ba, igiyar haɓa kuma a ɗaure ta.

Daga nan abin ya zama jiki. Ina idar da asuba in hito, in gangara ta wajen Babbar Kasuwa tun ba a buɗe ba, in hau gadar Kennedy. Gadar ga tun 1970 take, na bi ta da moto ba adadi amma ban taɓa ganinta ba sai da na hau keke. Kana jin sanyin ruwa na taso maka, ga masunta cikin jirage, ga ƴan wanki sun fara buga kaya, lokacin kabewa ka gan ta tuli tuli an sauke bakin ruwa, wani bi ka iske raƙuma da kayan tabarmi ko ciyawa suna tsallakawa cikin natsuwa kamar su sunka gina ta. In na sauka Harobanda sai in zagaya in dawo ta gada ta biyu ta ƴan Sin in biyo Gamkalle, kamin ƙarhe bakwai ina gida na yi wanka. Lahadi kuma hanyar Kollo, ta Saga da Libore, gonakin shinkafa kore shar gehen hanya, in tsaya wurin wata mai farimasa in ci na dala ashirin da zahinsu. Kollo kilomita 30 da ƴan kai ne daga Yamai, sai da na yi wata takwas ina juyowa a hanya kamin ranar da na kai, na zauna bakin wani kanti ƙafafuna na rawa ina murna ni kaɗai kamar wanda ya sauka Makka, sannan na tuna sai na koma. Nesa da haka ba mu zuwa, kowa ya san yadda lamarin tsaro ya koma, akwai hanyoyin da ko da mota mutum sai ya yi tunani.

Garin ga kuma shi ke gaya maka lokacin hawa. Watan 4 da na 5 zahi na wuce 40, in ƙarhe takwas ta same ka waje ka cuci kanka. Damina ruwa na kwaso yashi shi zuba bisa gudro kuma duk inda ruwa ya kwanta ka ɗauka rami ne. Lokacin sanyi ya hi daɗi sai dai ƙura, ina ɗaura ƙyalle ga hanci. Azumi ina rage shi ƙwarai, ɗan zagaye bayan asham da hitila gaba da baya, ban yarda in hau da rana da ƙishirwa ba ga maganin tansiyo a jiki. Faci kam ya zama abokina, tsidau da ƙayar aduwa ba su san taya mai tsada ba, ina yawo da tub guda da ɗan famfo ƙarƙashin sirdi. Masu taksi da faba-faba da kabu-kabu su kuma sai addu'a, mai taksi in ya hangi fasinja tsayawa shike nan take ko kana bayanshi ko ba ka nan, na koyi in bar tazara kuma in riƙa kallon hannun mutanen da ke tsaye bakin hanya, da na ga an ɗaga hannu na san birki na zuwa.

Ranar da na faɗi kuwa ba taksi ba ce. Hanyar Kollo ce, ina dawowa, wani kamyo ya danno min oda daga baya na tsorata na sauka gehe, ashe yashi ne mai zurhi, tayar gaba ta nutse ni kuma na damƙe birkin gaba da ƙarhi. Ban san sadda na tashi sama ba. Kafaɗa ta fara sauka sannan kai, na ji ƙara kamar an fasa ƙwarya. Wasu mata da ke tahe da tallan ganye sunka aje kayansu sunka rugo suna ta sannu da Zabarmanci, ɗaya ta zuba min ruwa ga kafaɗa inda fata ta saluɓe. Da na cire kaske na ga ya tsage tun daga gehen kunne har tsakiya, daidai inda ya bugi bakin gudro. Kaina ko ƙwarzane babu. Na zauna nan ƙasa ina kallonshi na tuna akuyar Inna, wallahi sai da hawaye sunka zo min, matan ga sunka ɗauka zahin ciwo ne.

Sati biyu na yi ban hau ba, uwargida ta ce Malam ko dai a haƙura haka nan, na ce a'a, in na bari yanzu na bari ke nan. Na sayi wani kaske, wanda ya taɓa tsagewa ba a sake sa shi.

Yau tansiyona na yawo wajen 13/8, kilo 86, kwana nike kamar jariri in kuran bai ɗauke ba. Amma don Allah kar wani shi karanta wanga shi aje maganinshi, ni ban aje nawa ba, kullum da sahe sai na sha, keke taimaka mishi shike kawai. Ƴan fada da sunka yi shekara suna ce min Mushe Tour de France, sunan babban tseren keken Faransa, sun gaji sun bari. A 2024 da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France ɗin ya kuma tahi da koriyar riga ta wanda ya hi kowa maki, ni na kai musu labarin, ɗayansu ya ce to kai yaushe za ka, na ce sai an fara yin na masu tansiyo. Sai kuma watan 3 na 2025 da esansi ya yi wuya garin ga, layin motoci da moto ko'ina bakin gidajen mai mutane na kwana can, ni kuwa in ratsa ta gehensu da kekena in tahi biro, lokacin ne ma na fara zuwa aiki da shi a hili, rigar aiki cikin jaka in canza can. Ba na ce na ji daɗin wahalar mutane ba, amma ƙararrawar nan na ɗan kaɗa ta hiye da yadda ya kamata.

Da Sallar layya na tahi Tawa na sa fasasshen kasken cikin kaya. Bayan an watse da dare na aje shi gaban Inna na ce ga abin da kuɗin akuya sunka saya, ga kuma abin da ya yi. Ta ɗauka ta juya shi ta sa yatsa cikin tsagar, ta daɗe ba ta ce komi ba. Can ta dubi ƙanwata, ba ni ba, ta ce wanga ƙoƙo nawa ake saida shi. Anka gaya mata. Ta kwance bakin zane ta hiddo jika biyu duk sun nannaɗe ta ce a ba shi shi cika shi sayi wani, kuma a ce mishi in dai moton ce babu shi faɗi gaskiya, ba abin kunya ba ne. Na ce Inna moto na nan wallahi. Ta ce ce mishi na ji.

Kasken ta hana ni tahowa da shi. Watan jiya da na koma na iske shi bayan rumbu an zuba mishi ƙaiƙayi, kaza ta yi ƙwai bakwai ciki.